Wa Zai Gaji Masu Zanen Bango?

Wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka shekara 60 da suka wuce, ya kutsa cikin lungunan da ke kaiwa fada da kasuwa, ba sai an gaya masa matsayin gidan da yake wucewa ba. Fuskar zaure ta ishe shi bayani. Ga ƙofar da aka kewaye da dagi, wani na shiga cikin wani har ido ya kasa gane inda zaren ya faro. Ga wadda aka gicciya wa takubba biyu a sama. Can gaba wani maigidan ya sa an fito masa da keke a jikin bango, da ƙafafunsa da sirdinsa da sarƙarsa, duk da ƙasa. Wani agogo ya zaɓa, wani mota, wani kuma jirgin sama, a daidai zamanin da alhazai suka fara tashi daga Kano zuwa Jidda. Da wuya ka ga gida biyu da adonsu ya zo ɗaya sak, ko da hannu ɗaya ne ya yi su.

Abin ya ɗauki hankalin baƙi har suka zauna suka rubuta shi. A 1963 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a Zariya, ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen birnin masu ado. Bayansa wani Bajamushe masanin gine-gine, Friedrich Schwerdtfeger, ya fara bin gidajen tun ƙarshen shekarun 1960, yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana zama da masu zanen, bai fitar da babban littafinsa a kan adon ba sai 2007. Da yawa daga cikin bangayen da suka ɗauka babu su yau. Wasu damina ta cinye, wasu magada suka rushe suka sa bulo. Jikan mai gidan, in yana son ganin ƙofar kakansa, sai dai ya nemi littafin da aka buga a Turai.

Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ɓacewar zanen ba ita ta fi ci mini rai ba. Zane yana nan a hoto, duk mai so zai kwafa. Dagi ma ai ya cika gari, yana jikin tambari da riga da ƙofar ƙarfe da katin biki. Yadda ake koyonsa ne ya tafi: a fili, a bakin hanya, a gaban kowa, ba rajista ba kuɗin makaranta. Yanzu da ake ta shirya tarurrukan bita don koya wa matasa zane a bangayen gari, ya kamata mu tuna mun taɓa samun irin wannan makaranta a kowace unguwa, mu kuma duba abin da ya riƙe ta da abin da ya kayar da ita.

Gini aikin rani ne. Da an kawar da amfanin gona, iska ta bushe, sai ka ga an tara jar ƙasa a ƙofar gida, an zuba ruwa, an watsa ramno, ana tattakawa da ƙafa. A bar kwaɓin ya kwana biyu ya ruɓa, a sake juyawa. A mulmula tubali da hannu, a jera a rana. Ranar ɗora gini magini na zaune a bisa bango, yaransa na ƙasa suna cilla masa tubali yana cafewa. Yaron unguwa da ya zo kallo ba ya daɗewa a tsaye. Za a ce masa ɗebo ruwa, miƙo wancan. Gobe da kansa zai dawo. Ta nan bare ke shiga sana'ar, ko da yake asalinta gado ce, ɗa ya karɓa daga uba, Sarkin Magina na bisa kansu yana raba aiki yana sasanta rigima.

Ado yana zuwa ne a ƙarshe, tun yaɓe bai gama shan iska ba. Mai zane ba ya zuwa da takarda. Yakan tsaya ya ƙare wa bangon kallo, ya ja layi da yatsa ko da ɗan tsinke, sannan ya bi layin yana ɗora ƙasa yana murzawa har zanen ya taso. Hannunsa kaɗai ke taɓa bangon, amma ba shi kaɗai ke aikin ba. Dattawan da ke zaune a dakali suna da ta cewa. Wani ya ce malam, wannan kusurwar ta karkace. Wani ya ce ai na gidan wane ya fi cika ido. Maigida ya leƙo ya ce a ƙara masa kaza. Mai wucewa da jaki ma sai ya tofa albarkacin bakinsa. Kafin bango ya bushe unguwa ta yanke masa hukunci, yara kuma sun ga yadda ake ƙulla dagi tun daga ɗigon farko, sun tafi suna gwadawa a ƙasa da kara.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba: sana'o'i da yawa ne ke haɗuwa a jikin bango ɗaya. Makubar da ake shafawa don ruwa ya zame, daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta. Laso kuwa, simintin wancan zamani, wanda ake dalaye rufin soro da fuskar gidan mai hali da shi, sai an haɗa katsi, wato abin da ke kwanta a gindin ramin rini, a kwashe a ƙona a daka, da gashin jima da majema ke kankarewa daga fata, da dafara wadda ake daka saiwarta a jiƙa ta yi yauƙi. Ke nan magini ba ya gama aikinsa sai marini da majemi sun yi nasu. Azara daga giginya take, wani ne ya saro ya faskara ya kawo. A cikin gida kuma mata ne da daɓe, su gayyato maƙwabta, su jeru da madaɓai suna bugawa suna waƙa. Duk wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga ramukan da ke aiki da waɗanda aka bari suka cike, ya san ko an sami mai son laso yau, samun katsin ma aiki ne.

Ƙololuwar wannan sana'a ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Bakan gizon da ya ɗaure a ciki, da zanen da ya bi ginshiƙai da shi, masana gini sun daɗe suna zuwa kallo, laƙabinsa kuma ya zama sunan unguwa. Amma a zamaninsa ado ya fi zama na cikin fada da masallaci da turakar manya. Yaɗuwarsa a waje, har ya hau fuskar gidan ɗan kasuwa da malami da ma'aikaci, abu ne na ƙarni na 20, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun mutanen da ba su da sarauta. Sana'ar ba ta tsoron sabon abu. Ta ga keke ta ɗauka, ta ga mota ta ɗauka. Da siminti ya zo ma ba ta gudu ba: masu zane suka koyi shafa shi a kan bangon ƙasa, su karce zanen tun yana ɗanye, su bi shi da fenti kore da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa siminti ne ya kashe adon bango ba, ko da yake ya zo da ƙarfinsa. A 1975, da kuɗin man fetur ya yi yawa, jiragen ruwa ɗaruruwa ne suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas maƙare da simintin da gwamnati ta yi oda, sun rasa wurin sauke kaya. A cikin shekarun nan ne aka lulluɓe masallacin Babban Gwani da sabon gini na kankare. Sai dai canjin da ya fi yin ɓarna a idon mutane yake, da tsarin gida. Gidan ƙasa ya zama alamar rashi. Aiki ya bar hannun magini ya koma hannun ɗan kwangila da birkila, waɗanda tsarin gidan ke zo musu a takarda daga ofis, ba su da hurumin ƙara ko ɗigo. Zaure, fuskar gida kuma mazaunin jama'a, ya kauce wa get na ƙarfe da doguwar katanga, daga baya tsoron ɓarayi ya ɗora mata fasassun kwalabe da waya. Mutumin da ke ɓoye gidansa ba zai biya a yi masa ado a waje ba. Uwa uba, bulo ba ya neman yaɓe duk shekara. Wannan sauƙi ne babba ga maigida, amma yaɓen shekara-shekarar nan shi ne lokacin da yaro ke ganin aikin yana maimaituwa har ya zauna masa a ka. Da ya tsaya, darasi ya tsaya.

Ba na cikin masu cewa a koma gidan ƙasa ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya taɓa kwana yana tara kwano a ƙarƙashin soro mai yoyo a watan Agusta, ko ya ji labarin bangon da ya faɗa wa yara cikin dare, ba zai ga laifin wanda ya sami hali ya sa bulo da kwano ba. Abin tambaya shi ne me ya hana gwanintar ta biyo mu zuwa sabon bangon, alhali ta riga ta nuna tana iya zama a kan siminti.

Bangayen garuruwanmu dai ba su zama fayau ba. Fastocin 'yan takara ne a kansu, na zaɓen da ya wuce bai gama ɓarewa ba na gaba ya hau. Sai tallan maganin basir da lambar waya, sai gargaɗin cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Masu rubutun shago da fenti, waɗanda suka zana wa mai aski kawuna, suka ƙawata bayan manyan motoci, su ma injin buga allunan talla ya karɓe yawancin cinikinsu. Duk da haka hannun bai mutu ba. Yana nan a zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da aikin hula da na babbar riga, da abin da 'yan mata ke zanawa da lalle a hannun amarya ba tare da sun kalli wani samfuri ba. Ƙa'idar da ke cikin waɗannan, ta layin da ke shiga ya fita ya dawo inda ya faro, ita ce ta jikin zauren Zariya. Ga wanda ke da damuwa ta addini game da zana abu mai rai kuma, wannan gado ne da tun asali ya ginu a kan ƙulli da layi da siffar kayan amfani.

Abin da ya maye gurbin adon unguwa shi ne adon gwamnati: shataletale, da ƙofar shiga gari, da jikin gadar sama. Wasu suna da kyau ƙwarai. Amma kwangila ce ake bayarwa, a kewaye wurin da kwano, wata rana a buɗe mutane su gani. A 2017, da jihar Kano ta cika shekara 50, an yi ginin tunawa a shataletalen gidan gwamnati. A watan Yunin 2023 aka rushe shi. An yi muhawara, kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da na ɗauka a ciki shi ne aikin da umarni ya kawo, umarni na iya ɗauke shi, tunda babu unguwar da za ta ce da hannunmu muka yi.

To, sai ga zamanin bita. Niyyar masu shiryawa kyakkyawa ce, ban raina ta ba. Amma sau da yawa ga yadda take kasancewa: a kama ɗakin taro a otal, a tara matasa kwana uku, a nuna musu hotuna a majigi, ranar ƙarshe a fita da su wata firamare su shafa wa bango fenti da saƙon wanke hannu ko zaman lafiya. A ɗauki hoto, a raba takardar shaida da kuɗin mota, a watse. Mai unguwa bai san da zuwansu ba sai da ya ga motoci. Tsohon maginin da ke bayan makarantar ba wanda ya yi masa sallama. Damina biyu fenti ya koɗe, ba wanda ya san alhakin wa ne ya sabunta.

Ba dole ne ta kasance haka ba. A Oshogbo, a 1962, ɗan wasan kwaikwayo Duro Ladipo ya mai da gidansa dandalin da aka kira Mbari Mbayo, da taimakon wani Bature mai suna Ulli Beier. A nan aka riƙa yin gajerun bitoci, ƙofa a buɗe ga duk wanda ya shigo daga titi. Wadda ta fi suna ita ce ta 1964, wadda mai zane Georgina Beier ta jagoranta, ita kuwa daga Zariya ta koma can bayan ta yi 'yan shekaru a cikinta. Ba a tambayi kowa takardar makaranta ba. An ba su kayan zane, aka bar kowa ya fito da abin da ke ransa. Daga wannan zama aka sami Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh, wanda mai aikin lantarki ne a ƙungiyar wasan Ladipo kafin ya shahara da ƙawata bangayen manyan gine-gine. Wanda ya fi jan hankalina cikin mutanen wannan dandali shi ne Adebisi Akanji, domin birkila ne. Simintin da ya saba ɗora bulo da shi, shi ya koyi sarrafawa ya zama ado, har ya yi wa wani gidan mai na garin katanga mai zane, inda direba da fasinja ke gani kullum.

Abin da suka zana daga al'adun Yarabawa da addininsu na gargajiya ya fito, ba shi nake cewa mu ɗauko ba. An kuma soki tafiyar, cewa yawancin masu sayen zanen Turawa ne, har wasu suka koma zana abin da baƙo ke so, kuma sukar tana da tushe. Hanyar ce abin dubawa. Bitar ba ta ƙare ranar da aka rufe ta ba. Georgina Beier ta ci gaba da zama da waɗanda suka nuna hannu, wata da watanni, suna da wurin aiki da kayan aiki a cikin garinsu. Kuma an faro ne daga abin da mutum ya riga ya iya.

Duwala ta Kamaru ta fi ba ni abin tunani, domin a can an yi tuntuɓe an kuma gyara tafiya. A 1991 Marilyn Douala Bell da mijinta Didier Schaub suka kafa cibiyar doual'art, da nufin fitar da zane daga ɗakin nuni zuwa titi. A 1996 suka ɗauki nauyin wani mutum-mutumi mai tsawon mita 12 a shataletalen Deido, wanda Joseph-Francis Sumégné ya harhaɗa da tarkacen ƙarafa da kayan tsofaffin motoci. Sai gari ya ɗauka. Wasu suka ce dodo ne, wasu kuma suka kawo maganar ƙabila, cewa mai aikin ba ɗan asalin wurin ba ne, daga yammacin ƙasar ya fito. An daɗe ana ja-in-ja kafin ƙura ta lafa. Yau hoton aikin ya zama kusan tambarin birnin, amma rigimar ta nuna ba a dasa abu a tsakiyar mutane ba tare da an zauna da su ba.

Da cibiyar ta shiga Bessengue, unguwar talakawa a cikin kwari mai fama da ambaliya da rashin ruwan sha, sai ta faro ta wani gefen. Aka riƙa zama da mutanen unguwa, aka kafa kwamitin ci gaba, aka bar su suka faɗi abin da ya fi damunsu. A 2003 aka gina wurin ɗibar ruwan famfo haɗe da ɗan shago, wanda masaniyar gini Danièle Diwouta-Kotto ta tsara. A 2005 aka yi gadar katako a kan rafin da ya raba unguwar da babban titi, Alioum Moussa, ɗan Marwa, ya yi mata abin dafawa mai launi-launi, siffar mutane riƙe da hannun juna. Macen da ta zo ɗibar ruwa da safe ba kallon zane ya kawo ta ba, amma a cikinsa take tsaye, kuma in famfon ya lalace ta san ƙofar da za ta buga. Daga 2007 cibiyar ta mai da abin biki na duk shekara uku, ana aiki a unguwanni irin su New Bell, inda Hausawa suka daɗe da zama.

Na kusa da mu kuwa yana jihar Tawa a Nijar. A 1962 mutanen Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga magininsu, Falke Barmu. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, mai buga tubali, mai ɗebo ruwa, mai kawo itace. Suka ci gaba da ƙara masa rufi da hasumiyoyi shekara da shekaru, har a 1986 ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. A Dandaji, cikin jihar dai, da aka tashi gina sabon masallaci, masanan gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Suka kira maginan da suka gina shi tun farko su shigo aikin gyaran, sabon kuma aka ɗora shi da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji. An gama a 2018. Masu digiri sun ƙaru da masu gado, masu gado sun ga yadda ake ƙara wa ƙasa ƙarfi. Irin bitar da nake nufi ke nan, ko da ba a kira ta da sunan ba.

A Najeriya muna da kayan aikin, haɗa su ne ba mu yi ba. A Samaru, ba nisa da ganuwar Zazzau, akwai ɗaya daga cikin sassan koyar da zane mafi daɗewa a ƙasar. A Zariyar nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya suna cewa a daina kwaikwayon Turai ido rufe, kowa ya haƙo gadon gidansu ya haɗa da abin da ya koya. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda shi ma a jikin bango da jikin mutum ake yinsa, ya mai da shi tushen koyarwa a Nsukka. A ganina adon bangon Hausa yana jiran wanda zai yi masa irin wannan hidima.

Da za a ji tawa, bitar zanen bango za ta fara ne da sallama a ƙofar mai unguwa, da tambayar su wa suka rage cikin tsofaffin magina, a Zariya ne ko Kano ko Katsina ko Damagaram ko Agadas. A biya su kuɗin koyarwa daidai da na malamin jami'ar da aka gayyato, domin a wannan fanni su ne malamai. A zaɓi bangon da mutane ke hulɗa da shi kullum, na islamiyya, ko asibitin unguwa, ko wurin alwala, ko bakin rijiyar burtsatse. A yi aikin da rani, a fili, don dattawan dakali su sami abin cewa, yara su sami abin ɗauka. A sa birkiloli a ciki, tunda su ke gina garin yanzu. Birkilan da ya iya fitar da dagi a kan filasta ya sami abin ƙarawa a farashinsa, kuma ta nan ne sana'ar za ta ci da kanta ba sai an jira tallafi ba. 'Yan mata masu lalle, in aiki a titi bai dace da tsarin gidajensu ba, ga bangayen cikin makarantun mata da asibitocin haihuwa. Kafin a watse kuma a san wanda zai sabunta aikin baɗi, da inda kuɗin fenti zai fito, ko da karo-karo ne na ranar Juma'a.

Na san za a ce ana fama da abinci da tsaro, wa ke ta ado. Maganar tana da nauyi. Sai dai mutanen da suka yi wa zaurukansu dagi sun ga fari, sun ga yunwa, sun biya haraji, duk da haka suka ga ya dace mai wucewa ya tarar da abu mai kyau a ƙofarsu. Lungun da mutanensa suka taru suka yi wa bango aiki da hannunsu, da wuya su bari a mai da gindinsa juji. Matashin da ake nunawa ana cewa wane ne ya yi wancan, ya sami abin da zai kare a unguwar.

Maginan da suka yi aiki da laso da makuba da ƙuruciyarsu a shekarun 1960, duk wanda ke raye cikinsu yau ya haura shekara 70. Mai karatu, in akwai irinsu a unguwarku, kada ku jira wata ƙungiya ta zo daga Abuja ko Yamai. Ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi ko zai yarda ya nuna wa yara yadda ake yi, ku nemi izinin bango ɗaya, ku sa rana bayan an gama girbin bana.